Cikin kapo ɗina ya koma kamar murhun mai ƙosai, ya zan yi da shi?

Mai Corolla Toka: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema. Jiya na kai kawuna tasha zai tafi Maradi, muna tsaye muna jiran mota ta cika sai ya ce in buɗe kapo ya ga ko akwai ruwa, wallahi da na ɗaga sai da kunya ta kama ni, baƙin mai da ƙura sun haɗu sun yi kauri har rubutun VVT-i ɗin da ke saman murfi ba ya karantuwa, kan batiri kuma wani farin gari ya taru kamar an barbaɗa gishiri. Tsohon bai ce komai ba, kallona kawai ya yi. Waje kuwa kullum tana ƙyalli don duk Juma'a sai an wanke ta. Corolla ce 2005 'yar esansi. So nake cikin ya yi kyau irin na motocin da ake kawowa daga Lome, tiyo baƙi wuluk roba tana sheƙi. In kai labaji, wato wurin wankin mota, su watsa mata ruwa da inji ne ko akwai wata dabara?

Tsohon Direban Agadas: Wa alaikumus salam. Ɗana ka bar moter da dattinshi. Ni na yi shekara ashirin da wani abu ina jan Land Cruiser tsakanin nan da Tanut da Agadas ban taɓa zuba mishi ruwa ba ko sau ɗaya, tsumma ɗaya gare ni na goge sandar awon mai shikenan. Moter ba amarya ba ce da za a yi mata kwalliya. Wa zai leƙa ciki in ba kawunka ba?

Ɗan Labaji: Patron kawo ta wajenmu kawai, jikka biyu ne, wato saifa dubu biyu. Mu fesa gazwal ya jiƙa, mu bi da Omo, mu buga mata karsha, injin nan mai fesa ruwa da ƙarfi, ta fito fes kamar yau aka sauke ta daga kwantena.

Makanike Garin Malam: Kai yaro ji tsoron Allah. Kai ne da ire-irenka kuke aiko mana da aiki da igiya. Mai Corolla kada ka kuskura, saurara in gaya maka. Motarka irin wadda kowane buji yake da bobin ɗinshi mai ba shi wuta ne a kai, su huɗu, kuma bujin yana can ƙasan wani rami mai zurfi cikin kilas, wato kan moter, kamar rijiya. In aka buga ruwa da ƙarfin injin nan yakan bi ta gefen robar bobin ya sauka ramin ya zauna, ba shi da hanyar fita. Kana tada mota sai ka ji tana rawa tana tafiya da silinda uku, wutar moter ta kunna a tablo na gaban direba, ka zo wajena kana cewa an yi maka sammu. Satin da ya wuce ma an kawo min wata haka, na zare bobin na biyu na haska tocila ruwa ne kwance rabin ramin.

Ɗan Labaji: Haba shef, mota nawa muke wankewa a rana? In da haka ne ai da an rufe mu tuni. Mu ma mun san aikinmu, muna barin moter a kunne ne muna wankewa don zafin ya busar da ruwan.

Makanike Garin Malam: Wannan ma ya fi na farkon muni. Moter a kunne tana zuƙar iska ne ta bakin akwatin filta, in ruwa ya bi ta nan ya shiga silinda, ruwa ba ya matsuwa kamar iska, fistan ya taso ya same shi sai biyel, sandar da ke riƙe da fistan, ta lanƙwashe. Ba kullum yake faruwa ba na yarda, amma ranar da ya faru jikka biyun nan taka ba za ta sayi ko joyin ɗaya ba, abin nan da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don hana yoyo. Sannan ga ƙarfen hayaƙi da ya ɗau zafi, ka sheƙa mishi ruwan sanyi, ko tukunyar ƙarfe ce ka yi mata haka ai ka san abin da yake faruwa.

Mai Wutar Mota: Bari in sa baki shef. Naku na makanikai a take yake nunawa, namu na wuta shi ne mugu don ɓoyewa yake yi. Injin wankin nan ƙarfin matsin ruwanshi ya wuce bar 100, su kuma fish-fish ɗin wayoyin mota, wato mahaɗansu, an yi musu robar da za ta tare fantsalin ruwan sama ne da na kwata, ba a yi su don a saita musu bindigar ruwa ba. Ruwa ya shige ya kwanta, mota ta tashi lafiya lau kowa ya yi murna, sai bayan sati uku ko wata jan ƙarfen ciki ya yi kore ya fara cinyewa, yau fanka ta ƙi juyawa gobe fitila ta ɗauke, mai mota ba zai taɓa tuna labaji ba, ni zai zo ya zaga.

Tsohon Direban Agadas: Kun ji ko? Abin da na ce kenan. A bar shi.

Makanike Garin Malam: A'a Baba, nan kuma ban bi ka ba, da girmanka. Taka Land Cruiser ɗin gazwal ce ta da, babu buji babu ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar mota, ko a tafki ka tsoma ta sai ta fito tana tari ta wuce. Kuma dattin naka na sahara busasshe ne. Na yaron nan jiƙaƙƙe ne, ya ce baƙin mai da ƙura sun yi kauri, to ƙura ba ta mannewa haka kawai sai ta sami maiƙo, ke nan akwai inda mai yake tsiyaya. In ba a share ba ta ina za a ga bakin yoyon? Ga shi man moter yana kumbura tiyon ruwa da robobin da moter ke zaune a kai, yana sa su laushi kamar tuwon da ya kwana.

Bakano a Zango: Jama'a ku yi hakuri ni fa na ɓace tun daga sama. Mene ne kapo, mene ne buji? Wata na takwas a garin nan har yanzu in makanike ya yi min magana sai na nemi tafinta.

Hajiya mai RAV4: Hhhh ɗan Kano, kapo shi ne bonet ɗinku, buji fulogi, moter inji, bidanji kuma juyen baƙin mai. Saura ka koyi lissafin dala da jikka a daina cutarka a Kasuwar Dole.

Bakano a Zango: Allah ya saka Hajiya. Wallahi ranar farko da aka ce min dala ɗari na miƙa saifa ɗari, mai shago ya bi ni da kallo.

Hajiya mai RAV4: To ni bari in ba ku nawa labarin tunda ana maganar sheƙi. Bara gab da bikin ƙanwata na ba wani yaro motar ya gyara ta ciki da waje, ya dawo da ita cikin kapo yana ɗaukar ido, har na ƙara mishi kuɗi. Ashe man birki ya shafe robobin da shi. Muka tafi Mirriya ɗaukar amarya muka dawo, 'yar gajeruwar tafiya, washegari direban gidanmu ya buɗe ya kira ni, duk inda man nan ya taɓa ya koma ja da ƙasa kamar an yi yaɓe, inda ya ɗiga a gefen fenti kuma fentin ya yi ƙuraje ya fara ɓarewa. Har yau tabon na nan kusa da fitilar hagu, duk sanda na gani sai raina ya ɓaci.

Makanike Garin Malam: Sai hanƙuri Hajiya. Man birki ai cin fenti yake yi, in ya zuba ba a gogewa da tsumma ma, ruwa ake kwarara mishi nan take. Kuma abin da kika faɗa shi ne gaskiyar maganar gaba ɗaya. Motar da Mai Corolla yake gani tana sheƙi daga ƙasar da babu hunturu ta fito. Mu nan daga watan 11 har wajen watan 3 iska ƙura take ɗauke da ita, ko ka rufe mota a garaji sai ka rubuta sunanka a gilashi da safe. Duk abin da yake da maiƙo, gazwal ne, man birki ne, man gyaɗa ne, don na ga mai shafa shi ma, tarkon ƙura ne. Kyan moter a Damagaram shi ne ta bushe ƙayau, ka sa yatsa ka shafa ka ɗago ba maiƙo.

Dillalin Bakin Kasuwa: Ni dai ba zan yi ƙarya ba tunda gida ne, mu ma muna fesa gazwal ɗin in za a nuna mota, don mai saye ido yake fara saye da shi. Amma ni kaina in zan sayi mota aka buɗe min kapo na ga an wanke shi tas yana ɗigar ruwa, sai na ce a bar min ita kwana biyu in zagaya da ita. Wanki yana ɓoye yoyo na yini ɗaya ne kawai. Na fi yarda da moter mai busasshiyar ƙura a kan wadda take walƙiya.

Ɗan Labaji: To Alhaji ai ku ne manyan kwastomominmu, yau kuma an sayar da mu a bainar jama'a hhh

Dillalin Bakin Kasuwa: Gobe ma zan kawo maka biyu, kada ka damu.

Mai Corolla Toka: Na gode ƙwarai amma yanzu kun bar ni a tsakiya, Baba ya ce kada in taɓa, ɗan labaji ya ce in kawo, shef ya ce duka biyun ba haka ba. Shef dan Allah faɗa min yadda zan yi da hannuna ranar Asabar, ba ni da aiki.

Makanike Garin Malam: To ƙanena. Da sassafe za ka yi, motar ta kwana ba a tada ta ba, ka sa ta a inuwa. Kafin ruwa ya zo kusa ma ka fara da iska, in kana da mai faci kusa da gida ka je tun daren Juma'a ka ba shi ɗan wani abu ya hure maka lungu-lungu da tiyon kwamfaresa, rabin dattin nan ƙura ce da ganyen bedi za su tashi da kansu, amma ka rufe hancinka. Da safe ka cire kan batiri, na ƙasa wato mai alamar ragewa shi ake fara cirewa shi ake mayarwa a ƙarshe, don in ka fara da ɗayan makulli ya taɓa jikin mota za ka ga walƙiya da rana tsaka. Sai ka samo ledoji ka ɗaure altanato mai cajin batiri, akwatin fiyus, bakin da iska take shiga, da saman bobin ɗin nan huɗu bayan ka kwance murfin roban da ke kansu. Murfin ka kai shi gefe ka wanke shi a bokiti yadda kake so, shi ba ruwanshi. Sauran kuma ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanoni na ruwa, shi aka yi don maiƙo, ka zuba a gorar feshi irin ta masu aski, ka fesa wuri kaɗan ka bi da buroshin fenti, lungu kuma tsohon buroshin haƙori, ka goge da tsumma ka matsa gaba. Kada ka jiƙa duka lokaci ɗaya. Inda man ya yi kauri sosai ka fara kankarewa da ɗan katako ko tsohon cokalin roba, ba sukudireba ba don kada ka huda wani abu. Ɗauraya kuma da buta, a hankali kamar mai alwala. In ka gama ka bar kapo a buɗe awa biyu ko uku, ranarmu ta ishe ka injin busarwa, ka kwance ledojin ka ƙirga su, ka mayar da batiri ka tada ta ta yi minti goma sha biyar.

Hajiya mai RAV4: Buta kuma shef? Hhh

Makanike Garin Malam: Buta Hajiya. Bido ɗaya na lita 25 ya yi yawa ma. A garin da mata suke kwana a bakin famfo lokacin zafi ina dalilin zubar da tano guda, ganga sukutum, a kan ƙarfe.

Ɗan Birni: Wallahi ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, mu unguwarmu yau kwana huɗu ko ɗigo, mai ga-ruwa ma sai ka yi mishi waya kamar gwamna. Tun muna yara ake maganar Gogo da Machaya da Arunguza, wuraren da ake jawo wa gari ruwa, aka zo aka ƙara Ganaram, har yanzu jiya i yau.

Admin: Ɗan Birni a dawo kan mota dan Allah, in aka buɗe zancen ruwa a Damagaram sai gobe ba a rufe ba.

Mai Corolla Toka: Shef to farin garin kan batirin fa? Wani abokina ya ce in zuba Coca.

Mai Wutar Mota: Bar Coca ka sha abinka, tana ɗan cinye shi amma sukarin da take bari sai ya tara maka tururuwa da danƙo. Garin nan daga asid ɗin batiri yake, abin da yake kashe asid kake so. Bikarbonat na famasi ko na masu kek cokali ɗaya a kofin ruwa, ka zuba za ka ga yana kumfa yana tsuwa, ka goge da buroshi ka ɗauraye ka busar, ka ɗaure kan da kyau sannan ka shafa ɗan giris ko Vaseline a sama. Amma ka kula kada ruwan ya shiga cikin ramukan batirin don zai kashe asid ɗin ciki shi ma. Kuma ka ɗaga batirin ka duba farantin da yake zaune a kai, yawanci nan tsatsa take cin mota a ɓoye. Kada garin ya taɓa maka ido ko riga, huda tufafi yake yi.

Tsohon Direban Agadas: Wane bikarbonat kuma, mu kanwa muke jiƙawa. Ga ta nan buhu-buhu daga Manga kuna zuwa famasi.

Mai Wutar Mota: Baba wannan kam ka yi gaskiya, kanwa tana yi, dangin abu ɗaya ne ai. Sai dai a tace ta saboda yashi, kuma kada a bar ta ta bushe a kan alminiyom don tana sa shi ya yi fari-fari ya dushe. Wanda ya fi haɗari shi ne sodar nan ta masu yin sabulu, na ga masu jiƙa ta su wanke moter don tana narkar da mai nan da nan, to tana cin alminiyom shi ma, murfin kilas ya koma toka-toka mai tabo ba ya gyaruwa sai fenti.

Tsohon Direban Agadas: To Alhamdulillahi yau dai an ce tsoho ya yi gaskiya sau ɗaya.

Matashin Sabon Gari: Ni fa duk wannan wanke-wanken bai dame ni ba, kwalliya nake so. Ina da Starlet, so nake in fesa wa murfin kilas jan fenti, ƙarfen hayaƙi azurfa, in sa wa wayoyi tiyo mai launi irin yadda nake gani a TikTok, har da 'yan fitilu shuɗi a ciki.

Makanike Garin Malam: Fentin murfi ba laifi in za ka kwance shi ka fitar waje, ka wanke maiƙon tas ka bi da sanfefa, ka toshe ramin zuba mai da na buji da sikoc, wato tef mai danƙo, ka fesa siriri-siriri sau uku kana bari yana shan iska. Amma kada ko ƙwayar yashi ta shiga cikinshi don kai tsaye cikin mai za ta. Moter tana aiki ne wajen digiri 90, murfin zai riƙe fentin moter. Ƙarfen hayaƙi kuwa wani abu ne daban, yana haura digiri 500, fentin gwangwani na ƙofa ka sa mishi kafin ka kai randabawul ya ƙone yana wari. Sai wanda aka rubuta 600 ko 800 a jikin gwangwanin, shi ma in ba ka kankare tsatsar ba tashi zai yi.

Mai Wutar Mota: Fitilun nan kuma in dole sai ka sa, ka bi da su ta fiyus. Kada wani yaro ya fere maka waya ya murɗa ya naɗe da leda. Motar da take cin wuta a hanya sau da yawa daga irin wannan haɗin ne.

Dillalin Bakin Kasuwa: Ƙari a kan maganar fenti, ku kiyayi lambar shasi da ɗan farantin nan na kamfani da lambar da aka buga a jikin moter. Kada fenti ko sanfefa ya taɓa su. Na san wanda ya yi wa cikin kapo fenti baki ɗaya don ya yi kyau, aka tsayar da shi a shinge hanyar Matamaye aka ce a gwada lamba da kartigiris, wato takardar mota, lamba ta cike da fenti ba ta karantuwa, ya yini a nan yana rantsuwa yana kankara da reza. Wajen sayarwa ma mai saye yana ganin sabon fenti a wurin lamba zai ce motar sata ce ko ta yi hatsari.

Matashin Sabon Gari: Kai, Allah ya kiyaye. To na fasa na ciki duka, murfin kawai zan yi.

Bakano a Zango: Tambaya oga makanike, tawa Prius ce, duk wannan ya shafe ni?

Mai Wutar Mota: Kai naka ma ya fi. Duk wayar da ka gani ruwan lemo ce kauri, ko da wasa kada ka taɓa ta ko ka jiƙa wurinta, wutar da ke ciki ta haura bolt 200, ba irin 12 ɗin batirinmu ba ce. Tsumma mai ɗan danshi a kan robobi ya ishe ka.

Mai Corolla Toka: To robobin da suka yi fari saboda rana fa, babu abin da zai mayar da su baƙi ba tare da maiƙo ba?

Makanike Garin Malam: Akwai na kanti da ake yi don roba, ka nemi wanda yake kamar madara ba mai kamar mai ba, ka zuba a tsumma ka shafa ka jira ka sake gogewa da busasshen tsumma har sai ya daina santsi. Kada ka fesa shi kai tsaye don in ya sauka a kan bel zai riƙa zamewa yana kuka kamar ɗan akuya. Amma ni a ganina roba in ta wanku ta isa. Abin da yake sa cikin kapo ya yi kyan gani ba sheƙi ba ne ma, ka duba wayoyin da suke reto ka ɗaure su da ƙananan maɗauran roba, sikoc ɗin da ya warware ka sake shi, gorar ruwan radiyata da ta yi ja ka cire ka zuba mata ruwan sabulu da 'yan tsakuwa ka girgiza ta fito fari har ka riƙa ganin layin ruwa daga waje. Jan nan kuma tsatsa ce ta ruwan rijiya da ake zubawa, amma wannan zancen wata rana ne.

Tsohon Direban Agadas: Duk ku gama, hunturu na nan yana jiranku.

Mai Corolla Toka: Assalamu alaikum, na dawo da rahoto. Jiya Asabar tun bayan asuba na fara ban gama ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya, bayana har yanzu ciwo yake. Abu na farko, da na ɗaga akwatin filta sai ga sheƙar ɓera a ƙasa, ɓawon gyaɗa cike da tafi biyu da yagaggen soson da ke manne a cikin kapo, ashe shi ya cinye shi ni ina cewa zafi ne, har ya fara gaigayar rigar wata waya jan ƙarfen ya fito. Na naɗe da sikoc kafin in kawo wa mai wuta. Na biyu shef ka yi gaskiya, bayan ta bushe na zagaya da ita har hanyar Tanut na dawo na buɗe, sai ga wani siririn layin mai sabo yana gangarowa daga gefen murfin kilas ta baya. Da can ko za a kashe ni ba zan gan shi ba. Na uku kuma kada ku yi min dariya, ledoji biyar na ɗaura huɗu na kwance, sai da na ji ƙauri a hanya na tsaya, ta kan altanato ce ta fara narkewa, na ƙone yatsa wajen ɓamɓaro ta.

Hajiya mai RAV4: Ai dariya kam sai mun yi, ba an ce ka ƙirga ba? Sannu da yatsa.

Makanike Garin Malam: Allah ya tsare da ba ta naɗe a bel ba. Yoyon nan joyin murfi ne, robar ta bushe saboda shekaru da zafi, aikin awa ɗaya ne. Ka sayi mai kyau har da zoben ramukan buji, kuma duk wanda zai sa maka kada ya cika shi da gam ko ya ɗaure kusoshin da ƙarfin tsiya, ƙanana ne suna tsinkewa. In kana so ka tabbatar kafin ka kashe kuɗi, goge wurin ka barbaɗa hodar jarirai ka yi tafiyar yini ɗaya, man zai zana maka hanyarshi a cikin farin har inda ya fito.

Mai Corolla Toka: To shef zan yi haka. Amma akwai wani abu, tunda na mayar da batiri in na tsaya a danja sai alluran ta sauka ƙasa tana kamar za ta mutu, agogo da rediyo ma duk sun goge. Ko ruwa ya shiga wani wuri ne?

Mai Wutar Mota: In ba ta rawa kuma wuta ba ta kunna a tablo ba, ba ruwa ba ne, ƙwaƙwalwar ce ta manta saitinta da ka cire batiri, ka yi ta yawo da ita kwana biyu za ta koya. In ta ƙi to maƙogwaron iska ya yi datti sai a wanke. Ka zo da ita gobe da yamma in ga wayar da ɓeran ya ci, kuma ka daina ajiye ta kusa da buhunan gyaɗa.

Mai Corolla Toka: Ya aka yi ka san akwai gyaɗa a zauren?

Mai Wutar Mota: To ɓeran daga Matamaye ya yi dakonta?

Tsohon Direban Agadas: Da ka ji maganata da yanzu yatsanka lafiya, ɓera na cikin gidanshi, kai ma ba ka san da yoyo ba hankalinka kwance. Turo hoton mu gani dai.

Ɗan Labaji: Awa biyar patron a kan aikin jikka biyu. Wajen dai ranar Juma'a ina jiranka.